Baba Mai Jujjuya Kwanuka

Na Allah ne mu, gare shi za mu koma, kuma surukina, mahaifin maigidana, ya riga mu komawa. Ranar wata Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa na jikin soro, a gidanmu na Panshekara. Yau kwana goma sha biyu. Ni dai tun ranar ban zauna wuri guda ba. In na ɗauko tsintar shinkafa sai in tashi in leƙa tukunya, in na leƙa sai in tarar ko wuta ban hura ba. Maigidan ya ce gajiyar zaman makoki ce. Ba ita ba ce. Maganganun da na ji a zaman makokin ne suka tsaya mini a maƙogwaro, kuma ina tsoron in ban yi magana ba, a haka za a riƙa tuna shi.

Mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Gwaggon su maigidan, wadda ta zo daga ƙauyensu na Jigawa, tana jan carbi tana girgiza kai.

"Bawan Allah, bai ji daɗin duniya ba," in ji ta. "Ƙuruciyarsa kaf a bakin injin saƙa, inji ya cinye masa yatsu biyu, matarsa ta riga shi tafiya. Da 'ya'ya suka samu kuma aka ce zo ka huta, ya ƙi."

"Wai har ɗaki mai na'urar sanyi aka kai shi ya gudo," wata ta karɓa. "Wani dai ba ya son jin daɗi."

Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta ajiye kofin ruwa ta ce, "Haba, ku bari. Ni ban taɓa ganin mai farin ciki irin Malam ba. Kullum cikin dariya, ba abin da ya dame shi."

Na ci gaba da miƙa tabarmi, amma duk cikinsu ba wadda ta faɗi daidai. Baba ba mai dariya ba ne. Mai faɗa ne. In aka bar buta ba ruwa a ƙofar ɗakinsa, har na layin baya sai sun ji. Amma a ce bai ji daɗin duniya ba, wannan ma ban yarda ba.

A waje, inda maza suke, ba na gani amma ina ji. Bangon kicin ɗina shi ne bayan dakalin ƙofar gida, da 'yar taga can sama. Shekara ashirin da ɗoriya ina girki a jikin bangon nan, har na san tarin kowane tsoho. A cikinsu akwai wani mutumin Damagaram, tsohon maigadin masaƙar da Baba ya yi aiki a Sharada, mutum ne da sai ya wuni bai yi magana uku ba. Da aka dawo daga maƙabarta shi ya fashe da kuka har liman ya ce, "Malam, addu'a yake buƙata." Shi kuwa abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Yanzu wa zai karɓi kwanona?" Mutane suka ɗauka ruɗewa ce. Ni na san abin da yake nufi.

Ranar sadakar uku, Yaya, wan maigidan, wanda Allah ya buɗa wa a harkar motocin dakon kaya a Dakata, ya shigo ya zauna a bakin ɗakina.

"Dakalin nan za a fasa," ya ce. "A fitar da shago biyu, ku samu na cefane. Mai taro ya tafi, taro ya tashi ke nan. Ke ma kin huta da tuƙa wa unguwa guda tuwo. Ko ba haka ba?"

Maigidan ya ce, "To, Yaya." Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ba kunya kaɗai ta hana ni magana ba. Da bakina na taɓa neman hakan.

Bari in faɗi yadda dakalin yake, don na yanzu ba kowa ya san ciyayya ba. Tsakanin magariba da isha'i kowane magidanci na layinmu zai fito da kwanon abincin gidansa, a haɗu a ƙofarmu a ci tare. Yawancinsu 'yan kamfani ne: na masaƙa, na roba, na fata a Challawa. A wasu unguwannin kowa buɗe nasa yake a sa hannu. Wurin Baba ba haka ba. Dokarsa ita ce kwano a rufe yake zuwa, kuma ba mai buɗe nasa. Kowa ya dire nasa a kan dakali, shi zai kwashe su ɗaya bayan ɗaya da hannun nan mai yatsu uku, ya shige soro ya saki labule. Can sai ya fito da su a jujjuye, murfin wannan a kan wancan, ya ce, "Kowa ya ci abin da ya faɗo gabansa." In wani ya ce, "Kai, miyar gidan wa ce wannan?" sai Baba ya ce, "Ta gidan uban mai tambaya." A yi dariya, shi ko murmushi babu.

Tun ina sabuwa a gidan yake kirana Amarya, har na aurar da 'yata ta fari bai sauya ba. Kullum da la'asar zai tsaya a bakin kicin ya yi gyaran murya.

"Amarya, ƙara hannu."

"Baba, ai na ƙara."

"Ƙara na biyu."

Ina yi ina ƙunƙuni. Mutum ɗaya, tsoho, cinsa bai kai na kaza ba, amma a cika masa babban kwano har murfi ya ƙi rufuwa? Sai a shekarar da aka rufe masaƙarsu, aka sallami mutane ba shiri, na gane. Kunnena ne ya gaya mini. Kwanon da ke da tuwo in aka dire shi a siminti, tim yake yi. Wata magariba ina tace kamu sai na ji ƙwal. Na tsaya. Can kuma na sake jin ƙwal. Na leƙa ta gefen labulen soro, sai ga Baba a tsugune yana gutsurar tuwonmu yana zubawa a kwanukan mutane, yana bin su da miya, yana ɗiban dambun wani gida yana ƙara wa wani. Ashe akwai masu fitowa da kwano wayam, a rufe, riƙe da hannu biyu kamar mai zafi, don kada matansu su ji kunya, su ma kada a rasa su a taro.

Ya ɗago ya gan ni. "Me kike nema?"

"Baba, ƙara na ji."

"Kin ji? To ki bar shi a kunnen."

Na bar shi a kunnen, ko maigidan ban gaya wa ba. Shi da ma ba ya zama a wurin, ɗa ba ya haɗa kwano da mahaifinsa, ga kuma aikin kamfanin roba, mako guda safe mako guda yamma.

Yana da maganganu, Baba. In iska ta kwaso warin jima daga Challawa muka toshe hanci, sai ya ce, "Ku shaƙa. Ranar da kuka daina jin warin nan, wasu sun koma gida ba aiki." In ya ji jiniyar tashi daga aiki, ko yana tsakiyar magana sai ya taɓa aljihu kamar mai neman katin shiga, shekaru bayan ya daina zuwa.

Autarsu, ƙanwar maigidan, malama ce a wata kwaleji, ilimin halayyar ɗan Adam take koyarwa. Baba Farfesa yake ce mata in yana son tsokana. Wata ranar Asabar tana taya ni gyaran zogale, yana zaune a inuwa yana ba mu labarin kekensa.

"Shekara uku ina mafarkin keke," ya ce. "Daga nan zuwa Sharada a ƙasa nake zuwa. Na ce ranar da na hau keke nawa na kaina, na gama da duniya. Da na saya, a ɗaki ya kwana, ina tashi ina shafa shi. Uwarku har kishi ta yi. Kafin wata ya mutu, wallahi na fara kallon babur ɗin fomanmu."

Auta ta tafa hannu. "Baba, abin da kuka faɗa ɗin nan shi ne a littattafanmu! Masu bincike sun ce zuciya sabawa take da duk abin da ta samu, ta koma inda take da. Gida, mota, muƙami, duk haka. Abin da ya fi daɗewa yana riƙe mutum, in ji su, mutane ne. Wanda za ka zauna da shi, wanda in bai gan ka ba zai tambaya."

"Sai da suka yi bincike suka gano wannan? Da sun zo nan da kwanonsu da na gaya musu kyauta."

"Har suka ce kuɗi ma..."

"A'a, Farfesa, a nan ki tsaya. Duk wanda ya ce miki kuɗi ba komai ba ne, ki tambaye shi ko ya taɓa kai mara lafiya asibiti aljihu ba ko sisi."

"Ai su ma ba su ce ba komai ba ne. Yana raba mutum da wahala. Sai dai raba mutum da wahala daban, cika masa zuciya daban." Ta karkaɗe hannu ta gyara zama. "To Baba, in aka ce daga ɗaya zuwa goma, farin cikinku nawa ne?"

"Kafin shayi ko bayan shayi?"

Muka yi dariya. Shi kuwa ya riƙa murza dungulmin yatsunsa, har na ɗauka ya manta da tambayar. Can ya ce, "Da asuba in na farka na ga ba uwarku, biyu. Da magariba in na ji an fara sallama da kwanuka, ba na lissafi."

Na ji wannan da kunnena. Na san da kwanuka marasa komai. Duk da haka ni ce na sa aka ɗauke shi, kuma dole in rubuta wannan ma, in ba haka ba sauran duk ƙarya ne.

Na gaji ne. Hayaƙi ya cinye mini ido, bayana ya riƙe, ga shi ciwon ƙafa ya fara kama shi. Wata rana a wurin suna na ja matar Yaya gefe na ce, "Tsohon nan fa ya kamata ya huta. Ga wari, ga ƙarar tireloli, ga mutane ba sa barinsa ya sarara. Ku da Allah ya ba ku wuri." Ban yi ƙarya ba, na yarda hutu shi ne gata, kowa haka yake cewa. Amma can ƙasan zuciyata hutuna nake nema. Yaya ya ji daɗin maganar, don ya daɗe yana jin ciwon a ce mahaifinsa na zaune a kan dakali shi yana gidan sama. Aka taru a kan Baba, har da Gwaggo ta waya. Ya ce, "Tunda kun haɗu, to." Aka kai shi gidan Yaya, can wajen Bompai, inda bishiyoyi suka fi mutane yawa a titi.

Makon farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. 'Yar ƙaramar tukunya, kafin la'asar na gama, har barcin rana na yi. Tsofaffin suka fito kwana biyu, ba mai shiga soro, sai suka daina. Kafin wata ya ƙare na saba da hutun kamar yadda ya saba da kekensa, sai magariba ta riƙa yi mini tsawo. In tsaya a jikin bango ba abin da nake ji sai wucewar babura.

Muka je gaishe shi. Ɗaki fes, sanyi kamar cikin randa, talabijin tana yi ba murya. Ga farfesun kaza a kan tebur da cokali, ya yi sanyi ba a taɓa ba. An nemo masa magani mai kyau, ƙafar ta saki, amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya amsa gaisuwar maigidan sama-sama, sannan ya dube ni.

"Amarya, wa yake karɓar kwanon mutumin Damagaram?"

"Sun daina fitowa, Baba."

"Dukansu?"

"Dukansu."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Wata huɗu ya yi. Wata Juma'a kafin la'asar na ji adaidaita ta tsaya a ƙofa, na ji sandarsa a soro. Daga shi sai buta da darduma da rediyo. Bai ko zauna ba ya tsaya a bakin kicin.

"Amarya, ƙara hannu."

Kafin magariba Yaya ya iso, ko motar bai kashe ba. A soro suka yi ta, ina ji.

"Baba, me na rage ku da shi? Ku gaya mini abu ɗaya! Kun sa mutane za su ce na wulaƙanta ku."

"Ba ka rage ni da komai ba. Allah ya yi maka albarka, maganinka ya sa ina barci."

"To mene ne?"

"Wata huɗu ba wanda ya ce mini, Malam zo ka riƙe mini nan. In na ɗauki buta a karɓe. In na ɗauki tsintsiya a karɓe. Maigadinka ma in na zauna kusa da shi sai ya miƙe tsaye. Ni gawa ce da za a ajiye ni a sanyi?"

"Subhanallahi, Baba! Jin daɗi nake so ku yi."

"Naka jin daɗin ka ba ni. Nawa yana nan a ƙofar gida."

Yaya ya fita ransa a ɓace. Ya fi wata biyu bai tako ba, sai dai ya aiko da magani. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Har yau gani yake mahaifinsa ya ƙi alherinsa a gaban mutane, kuma ina jin shi ya sa dakalin nan yake tsone masa ido. A daren da Baba ya dawo mutum biyu suka fito. Kafin Juma'a ta zagayo sun cika.

Shekara biyu Baba ya ƙara. Ba zan ce kullum cikin walwala yake ba. Akwai ranakun da zai wuni bai kula kowa ba, musamman in damina ta faɗi, lokacin da Inna, matarsa, ta rasu. Faɗan buta kuwa har ƙarshe. Amma in magariba ta yi, tafiyarsa ma sauyawa take.

Ranar Litinin, ana gobe zai rasu, hannunsa ya kasa ɗaukar kwano. Ya sa aka turo kwanukan bakin labule, ya zauna a kan buhu a soro ya kira ni.

"Zo ki zuba, ni in nuna. Uku ne wayam yau."

"Huɗu ne, Baba."

Ya buɗe ya duba. Huɗu ne. Sai ya yi dariya, dariya sosai har da tari, irin wadda maƙwabciyarmu take cewa kullum yana yi, alhali ni a shekara ashirin ban ji ta fi sau biyar ba. "Wannan kunne naki," ya ce. "Allah ya sa ki ji da shi a inda ya dace." Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini, in ban da amsa gaisuwar asuba.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, ƙofar gida ta yi tsit. Shekaranjiya tifa ta juye yashi a gefen dakali, aka sauke bulo, aka ce magina za su zo Litinin. Ni kuma ina ta zagaye tsakar gida kamar wadda ta yar da wani abu. In ce me? Ni da na nemi hutu, ga shi an kawo mini har ƙofa. Kuma gida ba nawa ba, magana ta 'yan'uwa ce.

Jiya bayan sallar magariba ina kicin, maigidan yana ɗaki yana jiran abinci, sai na ji takun mutane. Ba sallama mai ƙarfi, sai gyaran murya. Na ji tim. Na ji wani tim. Sannan ƙwal. Na san wannan kwanon, murfinsa ba ya zama daidai. Sai wani ƙwal, da wani. Suna zaune suna jira, su ma ba su san wa suke jira ba.

Na duba tukunyata. Ban san lokacin da na yi ba, ashe tun la'asar na ƙara hannu, har na biyu.

Na shiga ɗaki na ce, "Malam, tashi ka fita. Mutanen Baba sun zo."

"Na ji su. In ce musu me? Yaya ya riga ya yanke magana."

"Ba cewa za ka yi ba. Kwanukan za ka kwaso ka shigo da su soro. Kada ka bari kowa ya buɗe nasa."

"Ni ban san yadda yake yi ba."

"Ni na sani."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, amma ya sa hula ya fita. Na ji suna yi masa gaisuwa, na ji mutumin Damagaram ya ce, "Ɗan Malam ne?" Ya shigo da kwanukan bibbiyu, ya saki labule. Da ya ɗaga murfin farko sai ya tsaya. Ya ɗaga na biyu. Ya tsuguna a inda mahaifinsa yake tsugunawa, ya yi ƙasa da murya.

"Uku ba komai a ciki."

"Na sani. Na ji su."

"Tun yaushe ake haka?"

"Tun kafin a haifi autarmu."

Na miƙa masa mara, na riƙe masa kwanon miya, hawayensa na ɗiga a gefen tire yana gogewa da hannun riga. Ya jujjuya murafen, bai iya ba sosai, ya kwasa ya fita. Can na ji wani tsoho ya ce, "Kai, miyar gidan wa ce wannan?" Sai na ji muryar maigidan: "Ta gidan uban mai tambaya." Dariyar da suka yi, rabi kuka ce.

Da safen nan ya aika wa magina su dakata. Ya kira Yaya ya gaya masa komai, har kwanuka ukun. Yaya ya ce za su yi magana, ya kashe wayar. Yashin yana nan a ƙofa, bulo ma yana nan, ban san yadda za su ƙare ba. In an tambaye ni a wannan karon, ba zan sunkuyar da kai ba.

Ga wanda zai tuna Baba, kada ya ce bai ji daɗin duniya ba, kada kuma ya ce ba abin da ya dame shi. Ya ce mutum ne da yake da biyu da asuba, da magariba kuma ba ya lissafi. Allah ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa mutane a nan, ya haɗa shi da Inna a gidan da ba a rabuwa, ya yafe mini wata huɗun nan.

An kira la'asar. Bari in tashi in ƙara hannu.